Sau Ɗaya Aka Yi wa Sirkku Tayi

Sirkku Tuhkanen ta yi shekara ashirin da biyu tana tatsar shanun da ba nata ba. Aikinta ke nan a Kuikkavaara da ƙauyukan da ke kewaye: idan manomi ya kwanta ciwo, ko zai je biki, ko ya gaji yana neman hutun mako guda, ita ake kira ta riƙe masa garke. Lokacin da ta fara, gidaje goma sha ɗaya ne masu shanu a yankin. Sannu a hankali 'ya'ya suka tafi birni, iyaye suka sayar, har ya rage uku. A ƙarshe ma kusan kullum a garken Reijo Mulari take, mai shanu arba'in da ciwon baya. Ta san kowace saniya da halinta, wadda ke shuri da wadda sai an lallashe ta take sakin nono. Da mutane kuwa ba ta faye doguwar magana ba. Ba fushi take da kowa ba, haka mutanen wajen suke.

Ɗanta ɗaya ne, Aapo. Ranar haihuwarsa numfashi ya yi jinkirin zuwa, jinkirin nan kuwa shi ya tsara musu sauran rayuwa. Bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Kalmomin da yake furtawa ba su cika yatsun hannu biyu ba, amma yana da dariya mai ƙarfi da ke girgiza keken da yake zaune a kai, yana kuma da farfaɗiya mai zuwa ba sallama. Ubansa Jarmo ya daure shekara huɗu, sannan ya samu aikin haƙar ma'adinai can arewa. Da farko duk wata yake zuwa, ya koma duk Kirsimeti, ya koma aiko kuɗi da kati. Kuɗin kan iso a kan lokaci, wannan Sirkku ba ta taɓa musawa ba, kuma ba ta taɓa ƙara komai a kai ba idan an tambaye ta labarinsa.

Wadda ta riƙe gidan a tsaye ita ce maƙwabciyarsu Aune Piirainen, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, wadda Aapo ke kira Kaka. Tatsar safe tana fitar da Sirkku daga gida tun asuba, tasin makaranta kuwa sai ƙarfe takwas yake zuwa ɗaukar yaron. Tsakanin nan Aune ce ke tsallako fili da sandarta, ta zauna gefen gadonsa tana saƙa safa, ta ba shi kunun hatsi idan ya farka, har Sirkku ta dawo a guje tana warin garke ta wanke shi ta shirya shi. Ba a taɓa maganar biya ba. Sirkku na share mata ƙanƙarar ƙofar gida, ta faskara mata itace, ta kai ta coci da kantin magani. Shi ke nan.

A shekarar da Aapo ya cika sha ɗaya, kwankwason Aune ya ƙi. 'Yarta da ke Oulu ta zo ta ga yadda take ja da ƙafa, ta koma ta nema mata ɗaki a wani bene kusa da ita, aka sa ranar tashi kafin ƙanƙara ta sauka. Aune ce da kanta ta gaya wa Sirkku, tana kallon saƙarta, ta ce an ce benen har da na'urar hawa, mutum ba ya taka matakala ko ɗaya, kamar gawa.

Sirkku mace ce mai lissafi, ba ta ɓata lokaci wajen kuka ba. Hanya biyu ta gani. Ko ta bar tatsar safe, wadda ita ce fiye da rabin albashinta, ko kuma Aapo ya koma gidan kula da yara a Kajaani, kilomita casa'in daga nan, ya riƙa kwana can daga Litinin zuwa Juma'a. Ɗan tallafin da take karɓa saboda shi tun yana jariri, wanda ma a asibiti aka cike mata takardarsa, bai wuce kuɗin man mota da magani ba, kuma ba ta taɓa neman ƙari ba. Nas ɗin makaranta ce ta tuna mata, karo na ba adadi, cewa akwai kuɗin da hukuma ke biyan uwa ko uba mai jinyar ɗansa a gida, duk wata, har da 'yan kwanakin hutu. Sirkku ta zauna ta haɗa ta cire. Kuɗin mataki-mataki ne. Idan aka ba ta matakin sama, aka kuma ƙara mata wancan na jarirantaka, zai ishe su, da ƙyar amma zai isa. Aapo zai kwana a gadonsa. Ta cike takarda ta aika, aka rubuto cewa wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a za ta zo ta ga gidan da idonta.

Baƙuwa za ta zo, baƙuwar ma ta hukuma. Sirkku ta yi abin da uwarta za ta yi, da kakarta. Ta fitar da shimfiɗun ƙasa ta kaɗe su a igiya, ta wanke tagogi ciki da waje, ta goge ƙafafun keken Aapo har suna ƙyalli. Buhunan kunzugunsa da suka cika lungun falo ta kwashe su ta kai sauna, ɗakin wankan tururi. Katifar da take shimfiɗawa a ƙasa gefen gadonsa, wadda a kanta take kwana tun yana ɗan shekara uku don ta ji motsinsa idan ciwon ya taso, ita ma ta naɗe ta ta tura bayan tarin itace. Ta toya pulla, burodin zaƙi mai ƙamshin kadamom, ta yi 'yar wainar hatsin rai mai dankali da 'ya'yan itacen daji a kai, ta fito da kofunan bikinta. Ta yi wa Aapo aski ta sa masa farar riga. Aune ta zo duba aiki, ta shafa yatsa a saman firji ta duba, ta ce to madalla, kada yarinya ta koma birni ta ce mutanen Kuikkavaara a cikin datti suke renon ɗa.

Ma'aikaciyar, Pinja Ahlgren, 'yar kudu ce, ba ta kai talatin ba, wata biyar ke nan da aka turo ta yankin. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaida Aapo kafin ta gaida kowa, shi kuwa ya sake mata dariyar nan tasa. Ranar ta zo masa da sauƙi: ya yi barci sosai, hannuwansa a sake, idonsa garau. Sirkku ta ce ko za a sha ɗan kofi, ko da yake ba wani abin kirki a gidan.

“Ai kuwa zan sha, na gode,” in ji Pinja, ta ja kujera ta zauna.

Sirkku da Aune suka haɗa ido. A Kuikkavaara ba a karɓar kofi a tayin farko. Mutum zai ce yanzu ya sha a gida. A sake yi masa, ya ce don Allah kada a wahala saboda shi. Sai a na uku zai matso, ya ce to rabin kofi dai. Mai gida ta san haka, shi ya sa ba ta fasawa daga na farko. Baƙo ma ya san ta sani. Haka ake yi da kofi, da kujera, da rage hanya a mota, da aron tarakta, da ɗaukar gawa. Sirkku ba ta taɓa zama ta yi tunanin abin ba, kamar yadda ba ta tunanin yadda take taka ƙasa. Ta dai ga yarinyar ba ta da kawaici, amma tana da fara'a, ta kuma ci pulla biyu.

Pinja ta buɗe kwamfutarta ta fara tambaya. Ta tambayi ko ɗaga Aapo daga gado zuwa keke yana yi mata wuya. Sirkku ta ce ina, ai ba shi da wani nauyi. Kilo talatin da shida ne, kuma sau takwas ko tara take ɗaga shi a yini. Ta tambayi ciyarwa, Sirkku ta ce yana ci da kyau, ba ta ambaci cewa kowane kwano sai ya ci musu minti arba'in da cokali ba. Ta tambayi ko akwai masu taimaka mata, ta ce akwai mutanen kirki a ƙauyen, Aune ta gyaɗa kai.

“Da dare fa? Kina samun barci, ko kina buƙatar taimako?”

“A'a, muna dai lallaɓawa,” in ji Sirkku.

Ta ajiye hannuwa a cinya tana jira. Amsa ta biyu tana nan a shirye: wani lokaci dai yakan ɗan farka. Ta uku ma tana nan, ita ce ta gaskiya, wadda ta yi mako guda tana jerawa a zuciya tana tatsa: juyin da take yi masa duk bayan 'yan sa'o'i don kada fatarsa ta yi gyambo, da ranakun da ciwon ke tasowa har sau uku kafin gari ya waye, da shekara takwas da ba ta yi barci mai tsawo ba. Pinja ta taɓa madannai ta wuce tambaya ta gaba, a kan faɗin ƙofar banɗaki.

Da za ta tashi, ta ce ko akwai abin da Sirkku ke son ƙarawa. Sirkku ta ce kada a wahala saboda su, ta san akwai waɗanda suka fi su buƙata. Pinja ta ce gaskiya ba ta taɓa shiga gida mai tsafta haka ba, kuma ta jinjina mata. Aka ƙunsa mata sauran pullar a leda, ta karɓa nan take.

Bayan motar ta ɓace a kwanar tafki, Aune ta tambaya ko an sake yi mata tambayar daren a waje, wajen rakiya. Sirkku ta ce a'a.

“To za ta bugo waya,” in ji tsohuwar. “Ba mai hankalin da ke tambaya sau ɗaya.”

Ba a bugo ba. Bayan mako uku takarda ta zo. An rubuta da ladabi cewa bisa ziyarar da aka yi da kuma bayanin uwa, kulawar da yaron ke buƙata ba ta kai matakin da ake biya ba: uwa ta ce ba ta buƙatar taimako da dare, ɗaga yaron ba ya yi mata wuya, kuma akwai masu tallafa mata a unguwa. Sirkku ta karanta a tsaye bakin akwatin wasiƙa. Babu kalma ɗaya a ciki da ba ita ta faɗa ba.

Reijo ne kaɗai ta gaya wa, washegari, suna wanke bututun madara. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya zauna kan bokiti ya yi dariya har bayansa ya tuna masa.

“Ke Sirkku, hukuma kika yi wa kunya? Surukarki ce? Ni idan mai duba gona ya zo, saniyar da ta fi ramewa nake fara gabatar masa, in bi da rufin da ke yoyo. Ke kuma kin toya mata pulla.”

Ta ce ba ta iya roƙo ba. Ya ce ba roƙo ba ne, shekara ashirin da biyu ana yankar haraji a albashinta, ina take tsammanin yake zuwa. Ta ce ya matsa da ƙafarsa za ta zuba ruwa.

Aune ta tashi ranar Asabar ta ƙarshen Oktoba. Ta bar wa Aapo safa guda shida, ta bar wa Sirkku makullin gidan don ta riƙa leƙa famfo kada ya daskare. A takardar hukumar an ce mutum na iya neman a sake duba hukuncin, amma Sirkku ta sa ta a aljihun tebur. A ganinta an yi mata tayi, ta ƙi, an karɓi ƙin nata. Komawa ta ce ashe tana so abu ne da ba ta san yadda ake fara shi ba. Litinin ta biyu a Nuwamba ta haɗa jakar Aapo, ta rubuta sunansa a wuyan kowace riga, ta tuƙa shi Kajaani.

Gidan kula da yaran ba shi da laifi. Akwai haske, akwai na'urar ɗaga mutum a rufin kowane ɗaki, ma'aikatan suna da haƙuri. Ta nuna musu yadda ake karkata kansa kafin a ba shi cokali, suka rubuta. Ta dawo gida da kujerar baya babu kowa.

Lokacin ne rana ke fitowa da hantsi ta faɗi kafin la'asar. Sirkku kan dawo daga tatsar safe ta tarar da gidan yadda ta bar shi, ba fitila a tagarta, ba fitila a ta Aune. Ta ga tana da sa'o'i bakwai tsakanin tatsa da tatsa, ba ta san inda za ta sa su ba. Ta gyara duk abin da ke neman gyara. Ta faskara itacen da zai kai su bazara biyu. Tukunyar kunu ta ci gaba da ɗorawa daidai ta mutum biyu, ta ci rabi ta rufe rabi. Ta gwada kwana a gadonta na ɗaki, wanda ta daɗe da mayarwa wurin ajiye wanki, bayanta ya ƙi shi, ta koma katifarta a ƙasa gefen gadon da ba kowa. Rediyo takan kunna don a ji murya, ta kashe don muryar ta yi yawa. Jarmo ya aiko saƙo cewa ya ji labari, kuma a ganinsa hakan ya fi wa kowa sauƙi. Ba ta amsa ba.

Juma'a takan isa Kajaani tun kafin lokaci ta zauna a mota. Aapo kan yi dariya idan ya gan ta, amma dariyar ta rage ƙarfi. Makon farko aka ce bai ci sosai ba, sabon wuri ne. Mako na huɗu ta ɗaga shi ta ji a hannunta, tun kafin ta ɗora shi a sikeli, cewa ya sauke kilo biyu. Wata Lahadi da yamma ta fito da jakar don ta jera kaya. Da ya ga jakar sai ya juya fuskarsa bango, ya ƙi juyowa. Bai yi kuka ba. Ta kira sunansa, ta kawo masa cokali, ya datse baki. Har ta sa shi a mota washegari bai dube ta ba.

Ma'aikatan ofishin sa'a ɗaya suke amsa waya, tara zuwa goma na safe. Ranar Talata Sirkku ta tsaya a ɗakin madarar Reijo, da takalman roba a ƙafarta, injin sanyaya madara na gunji a bayanta, ta buga. Pinja ta gane ta nan da nan, mai pulla. Ta tambayi lafiyar Aapo.

“Ba ki sake tambayata ba,” in ji Sirkku.

“Wace tambaya?”

“Ta dare.”

“Ai na tambaye ki, kika ce kuna lallaɓawa.”

“Sau ɗaya kika tambaya.”

 Muryar Pinja ta sauka. Ta ce a inda aka koya mata aiki an hana su matsa wa mutum, don kada su sa masa magana a baki. Abin da aka faɗa mata shi take rubutawa, ba ta da ikon rubuta abin da ta yi zato. Ta ce wata abokiyar aikinta 'yar nan yankin ta taɓa ce mata idan mutumin yankin nan na Kainuu ya ce ba laifi to a kira motar asibiti, ita kuwa ta ɗauka wasa ne. Ta tambayi inda Aapo yake yanzu, Sirkku ta gaya mata, har da kilo biyun. Pinja ta ce ta sake aiko takarda yau ɗin nan, ita kuma za ta zo bayan sabuwar shekara, ranar Litinin da sassafe kafin a tafi da shi. Sai ta ƙara da sharaɗi ɗaya: kada a share, kada a toya, kada a ɓoye komai.

A duk abin da Sirkku ta yi a rayuwarta, har da ciro ɗan maraƙi da ya zo ta baya, babu wanda ya ba ta wuya kamar barin gidan nan yadda yake. Ranar Asabar ta tsinci kanta da bokiti da tsumma a tsakar falo ba tare da ta san lokacin da ta ɗauko su ba. Ta mayar. Ranar Lahadi hannunta ya kai ga buhun fulawa. Ta fita waje ta share ƙanƙarar ƙofar Aune, gidan da ba mai shiga. Ta bugo wa tsohuwar a Oulu ta gaya mata abin da aka ce ta yi. Aune ta ce wannan zamani ya zo da abin mamaki, a ce sai ka nuna wa baƙo wankinka kafin a yarda kana da ɗa. Sannan ta ce, “Ki nuna mata, 'yar nan. Har katifar.”

Pinja ta iso cikin duhun asuba. Ta tsallake buhunan kunzugu, ta ga katifar a ƙasa da bargo a yamutse, ta ga zanin gadon da aka canza a tsakiyar dare yana jiƙe a baho. Daren bai yi kyau ba, Aapo ya tashi a sanƙare, gaɓoɓinsa kamar itace. Pinja ta zauna a lungu. Ta kalli Sirkku ta cusa hannu ɗaya ƙarƙashin wuyansa ɗaya ƙarƙashin gwiwa, ta ja numfashi, ta ɗaga. Ta kalli wanka, da shafa mai a ƙugu da diddige, da sa riga hannu ɗaya bayan ɗaya, da magani uku da ake niƙawa a cokali. Ta duba agogo lokacin da aka fara kunu, ta sake dubawa da aka gama. Ta ga tabon haƙora a gefen hannun Sirkku ta tambaya, aka ce mata na wani ciwo ne da ya taso a bara, bai san ya yi ba.

Sannan ta buɗe kwamfutar.

“Sirkku, da dare kina buƙatar taimako?”

Bakin Sirkku ya buɗe da kansa, a'a ta riga ta hau harshe. Ta rufe shi. Fuskarta ta yi zafi har kunnuwa, kamar an kama ta da hannu a aljihun wani. Ta dubi ƙasa, wajen katifar.

“E,” ta ce. “Ina buƙata.”

Daga nan sauran suka biyo, ba a jere ba, da lissafinsu: sau nawa take juya shi, sau nawa ciwon ya zo a watan jiya, nawa take kashewa a man mota zuwa asibiti, wace shekara bayanta ya fara ciwo. Pinja ta yi ta rubutu har lokacin tafiya Kajaani ya yi. Sai da ta tafi Sirkku ta tuna ko ruwa ba ta ba ta ba. Wannan ya dame ta kwana da kwanaki, fiye da katifar.

A ƙarshen Fabrairu amsa ta zo: an amince, matakin sama. Pinja ta kuma nuna mata yadda za ta nemi ƙarin wancan tallafin na tun jarirantaka, shi ma ya fito. Sirkku ta sake haɗawa ta cire, ya kama daidai da lissafinta na farko, har da rarar yuro talatin da wani abu. Ta gaya wa Reijo za ta ajiye aiki gaba ɗaya, don tatsar yamma ma ba mai zama da yaron. Ya ce dama ya daɗe yana son sayen injin nan mai tatsa da kansa, wanda ba ya ce wa mutum ya matsa da ƙafarsa. Ya sa mata cuku guda a mota bai tambaye ta ba. Ranar Juma'a ta farko a Maris ta je Kajaani ta kwaso kayan Aapo duka, har buroshin haƙori.

Yanzu shekararta arba'in da bakwai, Aapo na neman sha uku, ya mayar da kilo biyun ya ɗora shida a kai. An kafa musu na'urar ɗagawa a ɗakinsa. Yana kwana a gadonsa, ita tana ƙasa a gefensa, sai 'yan kwanakin hutu na wata da take kai shi Kajaani ta dawo ta yi barci kamar an buge ta. An sayar da gidan Aune ga wasu 'yan birni da ke zuwa mako biyu a bazara. Garken Reijo kilomita huɗu ne kacal, amma ba ta da dalilin zuwa, a Kuikkavaara kuwa ba a zuwa gidan mutum ba dalili. Can ne dama take jin muryar wani babba irinta kullum, ko da tsokana ce. Ba ta sa wannan a lissafi ba lokacin da take haɗawa tana cirewa.

Tasin kan ɗauki Aapo da takwas ya dawo da shi da biyu. Direban, wani mai ƙaton gemu daga ƙauyen gaba, yakan sauke ƙarfen baya ya gangaro da keken, ya ce yau akwai sanyi. Sirkku kan buɗe baki ta ji muryarta a dushe, don tun safe ba ta yi amfani da ita ba. Ta gyara murya ta ce akwai kam. Motar ta juya ta tafi.

Ta tura keken ta haura da shi ciki, ta rufe ƙofa, ta durƙusa tana kwance masa takalma. Tana kwancewa tana gaya masa abin da ta dafa, da tsuntsun da ya zo taga, da farashin man dizal. Shi kuma yana kallon saman kanta, hannunsa na neman gashinta har ya samu ya riƙe.